Yadda za ka ƙara wa kanka walwala da kwanciyar hankali cikin mako shida

A shekarar 1998 Martin Seligman, malami a Jami'ar Pennsylvania, ya karɓi shugabancin ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka. Kukan da ya kai wa abokan aikinsa shi ne sun daɗe suna binciken abin da ke lalata zuciya, irin su baƙin ciki da fargaba da taɓin hankali, amma ba su san abin da ke sa rayuwar mai lafiya ta yi daɗi ba. Daga nan wani reshe ya tsiro a fannin. Aikinsa shi ne gwada ƙananan ayyuka a kan jama'a: a raba mutane gida biyu, a ba wasu aikin, a ƙyale wasu, bayan makonni a auna a ga su wa suka fi samun sauƙi.

Kafin a shiga, a san abu biyu. Amfanin waɗannan ayyuka gaskiya ne, amma ba mai yawa ba ne. Bitar da masana suka yi daga baya ta nuna ƙarin kaɗan ne zuwa matsakaici. Ba za su biya maka kuɗin haya ba, ba za su tsaya a madadin likita ba. Sannan galibin gwajin an yi shi ne a kan Amurkawa da Turawa, da yawansu ɗalibai. Shi ya sa matakan da ke tafe aka daidaita su da zaman Sakkwato: zafinta, lokutan sallarta, da kunyarmu.

Abin da ke cinye farin ciki, wanda duk tsarin nan yake yaƙi da shi, sabo ne. Wanda ya daɗe a ɗakin da aka sa turaren wuta ba ya jin ƙamshin, sai mai shigowa. Haka zuciya take da sabon babur, da ƙarin albashi, da sabuwar waya. A 1978 Philip Brickman da abokansa sun bibiyi mutanen da suka ci maƙudan kuɗi a cacar gwamnati a Amurka, suka tarar ba su fi sauran jama'a farin ciki da wani abin a zo a gani ba. Saboda haka duk inda ka ga an ce "sau ɗaya a mako" ko "kada ka maimaita", ba tsanani ba ne, dabarar kauce wa sabo ce.

Mako na ɗaya: auna kawai

Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, ka ajiye su inda kake kwana. Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya yi da ajami. Wanda ba ya rubutu ya ɗauki muryarsa a waya, minti ɗaya ya isa.

Kowane dare bayan Isha'i ka rubuta abu huɗu: lambar yinin daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin yini mafi muni, 10 mafi daɗi, awa nawa ka yi barci daren jiya, da wa ka yi hira ta fiye da minti goma, da abin da ya fi cin lokacinka. Kada ka canza komai a wannan mako. Ranar bakwai ka haɗa lambobin ka raba gida bakwai, wannan shi ne ma'auninka na farko. Idan babu shi, bayan mako shida ba za ka san ko an ci gaba ba, don zuciya tana hukunta wata guda ne da yadda ta tashi yau.

A nan ne kuma za ka koyi yadda ake ɗaura sabon aiki. Masanin nan Peter Gollwitzer ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. "Zan riƙa motsa jiki" ba ta zuwa ko'ina. "Idan na fito daga sallar Asuba, zan miƙe zuwa bakin titi in dawo kafin in shiga gida" ita ce ke aiki. Mu a nan an riga an raba mana yini gida biyar, sai dai mu rataya kowane aiki a jikin salla ɗaya.

Mako na biyu: barci da tafiya

Mutane kan so su tsallake wannan su tafi ga abin da ya fi kama da ilimi. Kuskure ne. Wanda ke kwana awa huɗu, ko wace irin godiya ya rubuta da dare, da safe zai tashi da faɗa.

Baligi na buƙatar aƙalla awa 7. A Sakkwato alfijir kan keto tsakanin ƙarfe 5 da 6 saura, gwargwadon lokacin shekara, ke nan lissafin ya nuna ƙarfe 10 na dare ya kamata a ce ka kwanta. Idan kai mai kai sha biyu ne a majalisa, kada ka yanke awa biyu rana ɗaya, ba za ka iya ba. Ka matso da minti 20 duk bayan kwana biyu.

Goro da shayi da kofi da lemun ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafeyin, kuma rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan kusan awa 5. Goron da aka ci bayan Magariba yana aiki har tsakar dare. Ka sa La'asar ta zama iyaka. Wanda ya saba da yawa zai yi ciwon kai na 'yan kwanaki idan ya yanke gaba ɗaya, don haka ya rage rabi tukuna. Teburin mai shayi da dare ba sai an ƙaurace masa ba, a sa ya haɗa madara da ruwan zafi ba ganye.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano yana riƙe zafi har dare ya raba, jiki kuwa sai ya ɗan huce barci ke ɗaukarsa. A yi wanka dab da kwanciya, a yayyafa ruwa a tsakar gida tun Magariba, a fito da shimfiɗa waje a ɗaura gidan sauro. Ƙailula tana rama abin da dare ya ci, amma minti 20 zuwa 30 bayan Azahar. Idan ta kai awa biyu za ka tashi da nauyin kai, dare kuma ya gagare ka.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Mafi ƙaranci ke nan minti 30 sau biyar. Ga yadda ake gane saurin da ya dace: kana iya magana da na kusa da kai, amma ba ka iya rera waƙa ba tare da numfashi ya katse ba. Bayan Asuba ne lokacinta, kafin rana ta ɗaga. Wanda ba ya da wannan sarari ya sauka daga kabu-kabu kafin wurin aikinsa da tafiyar minti goma. Matar da ba ta fita ta raba nata gida uku, minti goma-goma, da kai-komo da sauri a tsakar gida. Daka da jan ruwa da shara mai sa zufa duk suna cikin lissafi. Da hunturu, mai asma ya sa takunkumi ko ya bari ƙura ta lafa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likitansa. Abin da ya fi kashe wannan mataki shi ne fara shi da gudun awa guda ranar farko, cinyoyi su yi tsami, a rana ta uku a ajiye.

Mako na uku: abubuwa uku masu daɗi

Wannan shi ne aikin da ya fi shahara a fannin. A gwajin da Seligman da abokansa suka wallafa a 2005, an sa mutane su rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a yininsu, tare da dalilin kowanne, kowane dare har mako guda. Bayan wata shida, waɗanda suka yi sun fi sauran walwala, alamun baƙin cikinsu kuma sun ragu, musamman waɗanda suka ci gaba da yi don kansu.

Kusan kowa yakan ɓata shi ta hanya ɗaya. Daren farko ya rubuta "lafiya, iyali, abinci". Dare na biyu haka. Kafin kwana huɗu hannu ne ke rubutu, zuciya ba ta nan. Waɗannan ni'imomi ne manya, ba musu, amma aikin ba zai ci ba sai abin ya zama na yau ɗin nan, mai suna da wuri da lokaci. Kwatanta da wannan:

"Mai albasa a Tsohuwar Kasuwa ya biyo ni har bakin titi da canjin da na manta. Dalili: mutumin kirki ne, kuma kullum nakan tsaya mu gaisa."

"Auta ta karanta Fatiha ba gyara. Dalili: uwarta na zama da ita bayan Magariba."

"An kawo wuta da la'asar, na sha ruwan sanyi. Dalili: tun safe na cika gorunan na sa a firji."

Layin dalilin nan shi ne rabin aikin. Shi ke nuna maka hannun mutane a cikin jin daɗinka, da naka hannun. Dokokin uku ne: kada ka maimaita abu ɗaya cikin mako, aƙalla ɗaya daga ciki ya shafi wani mutum, kada ya wuce minti goma. Ranar da ta yi muni ƙwarai, ka nemi ƙanana: inuwar da ka samu, ciwon da ya lafa. Idan ɗaya kawai ka samu, rubuta ɗayan, kada ka ƙirƙiro.

Bayan kwana bakwai ka rage. Sonja Lyubomirsky da abokanta sun gwada masu lissafa ni'ima sau ɗaya a mako da masu yi sau uku, sai na sau ɗayan ne suka amfana. Daren Juma'a ya dace, ko sau biyu a mako idan kana jin daɗinsa. Mai fama da rashi sabo, ko matar da ake zalunta a gidan aure, kada a tura musu wannan aiki da sunan "ku gode wa Allah". Godiyar da aka tilasta tana ƙara wa mai ciwo jin laifi ne, kuma ba a rufe zalunci da ita.

Mako na huɗu: mutane

Binciken Jami'ar Harvard kan rayuwar manya ya faro a 1938 da maza 724, ana bin su har tsufa, yanzu har an shiga 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne kyawun dangantaka ya fi dukiya da suna hasashen wanda zai tsufa cikin lafiya da walwala. Mai karatu zai ce ai mu zumunci ba a koya mana. To, amma halartar suna da ɗaurin aure da ta'aziyya daban, samun wanda za ka gaya wa abin da ke cin ranka daban. Akwai mai zuwa biki uku a mako da ba ya da ko mutum ɗaya irin wannan.

Rubuta sunan mutum biyar da kake jin sauƙi a zuciya bayan kun zauna tare, ba nauyi ba. Kowane mako ka ware wa ɗaya minti 20, ido da ido idan zai yiwu, waya a aljihu. Tura saƙon "Juma'a Mubarak" ga mutum ɗari ba ya cikin lissafi.

Sannan ka gyara yadda kake karɓar labari mai daɗi. Masaniyar halayyar ɗan Adam Shelly Gable ta gano cewa yadda ake amsa wa mutum idan ya zo da abin farin ciki yana da nauyi ƙwarai wajen ƙarfin dangantaka. A ce ƙanwarka ta shigo da gudu: "Yaya, sunana ya fito, na samu makarantar koyon jinya!" Amsa huɗu ce. Ka ce "To, madalla" idonka na kan waya. Ko ka ce "Wa zai biya? Kin san halin da ake ciki." Ko ka ce "Af, kin ga cajata?" Ko ka ajiye abin da ke hannunka ka ce, "Masha Allah! Yaushe kika gani? Inna ta ji? Zauna ki ba ni labari tun daga farko." Ta ƙarshen ce kaɗai ke gina wani abu. Maganar kuɗin makaranta gaskiya ce, amma ta jira gobe. Ka yi tambaya uku kafin ka kawo naka ra'ayi. Da yawa a cikinmu kan ɓoye alheri don tsoron baki da hassada. Ba laifi, amma a samu mutum ɗaya ko biyu da ake buɗe wa.

A cikin makon nan kuma ka kai ziyarar godiya guda. A gwajin 2005 ɗin nan ita ce ta fi ɗaga walwala nan take, sai dai tasirinta bai wuce kamar wata guda ba. Yadda Amurkawa ke yi, a rubuta wasiƙa a je a karanta wa mutum a gabansa. A nan, tsayawa gaban kawunka ko malaminka na allo da takarda a hannu zai sa ku duka ku rasa inda za ku sa ido. Ka rubuta don ka tsara maganar, ka bar takardar a gida. Bayan an gama gaisuwa ka faɗi abu uku: abin da ya yi, lokacin da ya yi, da abin da ya haifar. "Kawu, ba da wata buƙata na zo ba. Shekarar da Baba ya rasu kai ka biya mini kuɗin jarrabawa. Da takardar nan na samu aikin da nake ci da iyali yau. Na zo in ce na gode, Allah Ya saka da alheri." Jumlar farkon nan wajibi ce, don a wurinmu yabo yakan zama share fagen roƙo, kuma idan bai ji ta ba zai saurare ka ne yana lissafin aljihunsa. Kada ka nemi komai a wannan zuwa, ko da aron tsani ne. Zai ce "Haba, ba komai" ya kawar da zancen. Ya ji, ka bar shi haka. Hadisi ya riga ya faɗa cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Mako na biyar: alheri a rana ɗaya

Lyubomirsky ta sa ɗalibai yin alheri biyar a mako har mako shida. Waɗanda suka tara biyar ɗin a rana ɗaya sun samu ƙarin walwala, waɗanda suka warwatsa su cikin mako ba su samu ba, wataƙila don ƙananan alheri kan ɓace cikin hidimar yau da kullum. A 2008 kuma Elizabeth Dunn da abokanta a Kanada sun raba wa mutane dala 5 ko dala 20. Waɗanda aka ce su kashe wa wani sun fi jin daɗi da yamma, kuma yawan kuɗin bai kawo bambanci ba.

Zaɓi rana, ka yi biyar da ba ka saba ba: ka biya wa tsohuwa kuɗin mota, ka sa randar ruwan sanyi a ƙofar gida da bazara, ka duba maƙwabcin da ke kwance, ka riƙe wa matarka yara awa guda ta huta, ka koya wa yaron shago lissafin da ke ba shi wuya. Mako mai zuwa ka canza su.

Mai albashin da dangi suka rataya a wuyansa zai ce kullum cikin bayarwa yake, bai ga farin cikin ba. Gaskiyarsa. Kyautar da ke faranta ran mai yi ita ce wadda ya zaɓa da kansa, kuma ya ga inda ta sauka. Maganin shi ne ya yanke wa hidimar dangi adadi a wata, ya sanar da su, sannan ya ware ɗan abu kaɗan da shi kaɗai ke da ikon inda za shi. Gori kuwa yana ɓata ladan, yana ɓata daɗin.

Mako na shida: waya

A 2018 an gwada ɗalibai 143 a Jami'ar Pennsylvania. An taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana har mako uku, sai kaɗaici da alamun baƙin ciki suka ragu a cikinsu. Shiga saitin wayarka, a Android ka nemi Digital Wellbeing, a iPhone Screen Time, ka ga awannin da kake ci. Kada ka yi tsalle zuwa minti 30, ka fara da rabin abin da ka gani. Ka yi cajin waya nesa da shimfiɗa.

Akwai abin da ya fi shafar mu. Bidiyon hare-haren 'yan bindiga daga gabashin jihar Sakkwato yana yawo a zaurukan WhatsApp dare da rana. Bayan harin bam na birnin Boston na Amurka a 2013, masu bincike sun tarar waɗanda suka riƙa bin labarin awa 6 ko fiye a rana sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu. Kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ka ji labarai sau biyu a rana daga rediyo ko kafar da ka amince da ita, kada ɗaya daga ciki ya zama na dab da barci. Mai dangi a can ya kira su ya ji muryarsu, ya fi kallon gawar da bai sani ba.

Lokacin da ka ƙwato daga waya ka zuba shi a aikin da ke shagaltar da kai har ka manta da agogo, wanda ya ɗan fi ƙarfinka kaɗan: ɗinkin hula, dukanci, hadda, gyaran lambu.

A ƙarshen makon ka sake fitar da matsakaicin lambobinka ka gwada da na farko. Ƙarin rabin lamba ko ɗaya nasara ce. Ka riƙe abu biyu ko uku da suka fi karɓar ka, ka saki sauran. Binciken Phillippa Lally a Landan ya nuna sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba.

Inda waɗannan matakai ba su kai ba

Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya daina yi masa daɗi, barci da cin abinci sun rikice, yana jin ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Haka mai jegon da ta kasa sakewa da jaririnta, tana yawan kuka, makonni bayan suna. Haka wanda sai da tiramadol ko kodin yake iya fita. A je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nemi a duba jini ma, don ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo kan zo da kasala mai kama da damuwa. Addu'a ba ta hana ganin likita, a haɗa su. Idan an fara shan magani, yakan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi sai da sanin likita.

Wanda ya ce ya gaji da rayuwa ko gara ya mutu, kada a ce masa "ka ji tsoron Allah" a tashi a bar shi. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa; tambayar ba ta cusa masa ra'ayin. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da na feshin gona da tarin ƙwayoyi daga gidan, wani ya zauna tare da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti a ranar.